Wata Bakwai da Na'urorin Mesh a Gidanmu na Birni

Gidanmu yana unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa ne na gado wanda kaurin bangonsa ya haura rabin mita, da zaure biyu, da tsakar gida mai faɗi, da sassa uku da iyalai ke zaune a ciki. Shekara biyu muna amfani da ruta guda ta 4G mai cin sim, wato na'urar da ke rarraba intanet ta wifi, wadda na ajiye a ɗakina kusa da zauren farko. A ɗakin nawa da bakin ƙofa komai lafiya lau, amma da zarar mutum ya ratsa tsakar gida sai sigina ta fara raguwa, kafin ya kai sashen Hajiya kuwa ta ɓace gaba ɗaya. Abin da ya fi damuna shi ne ganin mahaifiyata, da ciwon gwiwarta, tana takowa har zaure da dare don ta yi magana ta WhatsApp da ƙanena da ke karatu a Yamai.

Na fara gwada ƙaramar na'urar ƙara zango, wadda masu sayarwa ke kira rifita, domin ita ce mai araha. Ba ta biya mini buƙata ba, kuma daga baya na gane dalili: da rediyo ɗaya take karɓa take kuma maimaitawa, saboda haka kusan rabin saurin yake tafiya a hanya. Ga shi ta zo da suna na biyu na wifi, wayoyi kuma sukan maƙale wa wadda suka fara kamawa ko da ta yi rauni.

Bayan ƙaramar salla na sayi mesh mai na'ura uku, samfurin Wi-Fi 5, ta hannun wani ɗan kasuwa da ke kawo kaya daga Kano. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana haɗa ta farko da rutar 4G da kebul, sauran biyun kuma su yi magana da ita, duka a ƙarƙashin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya, waya tana komawa kan wadda ta fi kusa da ita ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Saitin ta manhajar waya bai ɗauke ni rabin awa ba, ko da yake sai da na buɗe asusu da adireshin imel, abin da ban ga amfaninsa ba ga na'urar da na saya da kuɗina. Na kuma kashe wifin tsohuwar rutar don kada su riƙa cin karo.

Inda na sha wahala shi ne wurin ajiye su, kuma a nan ne takardar da ke cikin kwali ba ta san gidajenmu ba. Wifi tana tafiya a kan zango biyu: 2.4 GHz, wanda ya fi nisa da ratsa bango amma ba shi da sauri sosai, da 5 GHz mai sauri wanda bango ke saurin kashe shi. Na'urorin sun fi son yin magana da juna ta na biyun, bangon ƙasa mai kauri kuwa yana shanye shi, balle da damina in ya jiƙe, rufin kwano da ƙofofin ƙarfe kuma suna mayar da shi baya. Da farko na saka kowace a tsakiyar ɗaki, sakamakon bai fi na rifita da yawa ba. Wani matashi mai gyaran kwamfuta da na kira ya duba ya ce mini, "Yaya, ba inda sigina ta mutu ake ajiye ta ba, a rabin hanya ake sa ta, inda take ganin ƴar'uwarta." Muka ɗora ta biyu a saman taga mai kallon tsakar gida, ta uku kuma muka ja mata kebul na Cat 6 ta cikin bututun roba har sashen Hajiya, tun da irin wannan kebul yana kai mita 100 ba tare da matsala ba. Tun ranar nan saurin da nake samu a ɗakina kusan shi ake samu a can. Kebul ɗin nan, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ya fi komai kawo gyara.

Dole in faɗi abin da mesh ba ta yi. Ba ta ƙara wa intanet ɗin da ke shigowa gidan ko ƙwayar zarra, rarraba shi kawai take yi. Idan rezo ya yi nauyi bayan isha'i, ko'ina a gidan yana yin nauyi tare. Wuta ma abin lura ce, domin da na'ura ɗaya nake kula a da, yanzu huɗu ne, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta sai sun ɗauki mintuna kafin su sake gano juna. Na'urorin nawa volt 12 suke ci, don haka na saya wa rutar da ta farko ƙaramin batiri, ta sashen Hajiya kuma na haɗa ta da sola. Zafi shi ne na uku: takardarsu ta ce iyakarsu digiri 40, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu mun san yadda garin nan yake wuce haka, shi ya sa ba na barin ko ɗaya a rana ko dab da kwano, kuma ina kakkaɓe musu ƙura duk mako.

Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba: forfe, wato datar intanet da nake saye duk wata, ya koma ƙarewa kafin lokacinsa, saboda yanzu kowane yaro a gidan yana kallon bidiyo daga kan shimfiɗarsa. Manhajar ta taimaka a nan, tana nuna kowace waya da ke haɗe, tana ba da damar sa wa yara lokaci, da buɗe wifi daban ga baƙin zaure.

Ga mai ɗaki biyu da falo na siminti, ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba. Ya ɗaga rutarsa sama a tsakiyar gida tukuna ya gani. Ga mai babban gida irin namu kuwa, ina ba da shawarar mesh ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya sa kuɗin kebul da batiri cikin lissafinsa tun farko. Ni dai da zan sake saye, na'ura biyu zan fara ɗauka in ja kebul tsakaninsu, sannan in duba ko ana buƙatar ta uku.