Ajin fiƙihun mata na ranar Asabar a Tudun Wada: abin yabo da abin gyara

Ajin yana zama ne bayan la'asar a wata Islamiyya ta matan aure da ke Tudun Wadan Zariya. Malama ce ke karantarwa, wata ungozoma kuma tana zaune gefenta. Kowace ɗaliba da ɗan littafinta, inda take sa alama a ranakun da ta ga jini.

Ƙarfin ajin yana ga yadda ake fassara aya ta 222 a Suratul Baƙara. Wasu masu tafsiri da Hausa sukan ce haila ƙazanta ce su wuce. Malamar takan tsaya kan kalmar "aza" da ayar ta siffanta haila da ita, ta ce cutarwa ce da wahala, kuma mace ce ta fara ɗanɗana ta. Sai ta kawo hadisin Nana A'isha da ke Sahihu Muslim, inda Annabi (SAW) ya ce mata hailarta ba a hannunta take ba, wato ba ta ƙazantar da abin da ta taɓa. Saboda haka ware wa mai haila kwano ko ƙin cin girkinta ba shi da tushe. Masu yi wa irin wannan karatu kallon aƙidar Turawa su lura, daga nassi aka ɗauko shi.

Lissafin kuwa na Malikiyya ne tsantsa, kuma daidai ake koyar da shi. Wadda ta fara gani, iyakarta kwana 15. Wadda ta saba, idan jini ya zarce, ta ƙara kwana 3 a kan mafi tsawon al'adarta, muddin ba ta haura 15 ba. Bayan nan jinin cuta ne, ta yi wanka ta yi salla. Jinin biƙi iyakarsa kwana 60, ba dole sai an cika arba'in ba: ranar da ta ga bushewa ko farin kumfa ta tsarkaka. Masu allurar wata uku da masu ashanar hannu ta tazarar haihuwa, waɗanda jini ke yi wa ɗis-ɗis, ana nuna musu yadda za su tattara ranakun jinin kawai, su yi salla a ranakun da ya ɗauke.

Inda aka gaza shi ne batun mai ciki. Malikiyya sun yarda mai ciki tana iya haila, malamar ta karanta hakan ta wuce, ungozoma ba ta samu bakin magana ba. Alhali jini a kan ciki yana iya zama ɓari, ko mabiyiya ce ta tare bakin mahaifa. Hukuncin salla daban, zuwa asibiti a ranar daban. Haka mai jego da ke jiƙe ƙunzugu cikin awa guda, ko jinin ya yi wari ga zazzaɓi, ba ta da lokacin ƙirga kwana 60, asibitin koyarwa na Shika ko asibiti mafi kusa za a nufa da ita.

Ɗakin ya yi ƙanƙanta, kuma tambaya a bainar jama'a ake yi, amare sai su yi gum. Akwatin jefa tambaya a rubuce zai magance wannan.