Shagon da ya buga mini kundin digirin digirgir a Madina ta Ghana

Tun ranar da na kare kundina a Sashen Nazarin Addinai na Jami'ar Ghana da ke Legon, 'yan'uwa uku masu bin bayana suka tambaye ni inda na buga shi. Dukkansu da nassin Larabci ko na ajami a cikin aikinsu. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani a shagon, mai daɗi da marar daɗi. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai laifin da zan faɗa, kuma mai wurin dattijo ne da nake jin kunyarsa. Ƙaramin shago ne a Madina, unguwar da ke gefen Accra, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga inda trotro, wato ƙananan motocin haya, ke sauke mutane a Zongo Junction.

Aikina a kan waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete Krachi ne, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ta arewacin Ghana, ya bar ta bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a Kete Krachi a 1934. Yawancin abin da na karanta kwafe-kwafen rubutun hannu ne da ke Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, waɗanda masanin tarihi Ivor Wilks da abokan aikinsa suka tattaro daga hannun malamai a shekarun 1960. Dukkansu da rubutun allo aka yi su, irin na masu karatun Warash, kuma nan matsalar take.

Wanda bai yi makarantar allo ba bai san cewa a wannan rubutu ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Yaron da na fara bai wa aikin kusa da jami'a ya iya Larabci sosai, amma na littattafan Masar da Saudiyya. Duk inda ya ga ɗigo ɗaya a sama sai ya buga fa. Haka "ƙasa" ta koma "fasa" a baiti bayan baiti. Yamala kuwa, ɗigon nan na ƙasa da ke ba da wasalin e, ya ɗauka dattin kwafi ne, ya share ta gaba ɗaya. Babi biyu na bayar kafin in lura, kuma da malamin da ke duba aikina bai zagaye wuri ɗaya da jan biro ba, da haka zai tafi hannun masu jarrabawa na waje.

Limamin masallacinmu a unguwar Nima ta Accra ne ya tura ni Madina. Ranar farko da na shimfiɗa takardun a kan tebur, mai shagon bai ma tambayi yawan shafuka ba. Ya sa tabarau, ya bi baiti ɗaya da yatsa yana rera shi a hankali, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wannan kwafin mai rubutunsa ya tsallake kalma, awon bai cika ba. Kana da wani?" Ina da wani. Muka duba, kalmar tana nan. Na ce, "Baba, shekara biyu ina tare da wannan baiti." Ya ce ai kunne ne, ba ido ba.

Wannan shi ne abin da mutum ke saye a shagon. Baba yana karanta abin da ake bugawa. Ɗansa ne ke zaune gaban kwamfuta, shi kuma yana gefe da kwafin asali, suna muƙabala layi layi kamar yadda ake yi wa sabon Alƙur'ani rubutun hannu. Ya san ɗa mai hannu, ya san inda rufu'a ke tsayawa a madadin wasalin o, ya san cewa marubutan da ba su bi ƙa'ida ɗaya ba, don haka ba ya gyara wa malami rubutunsa sai ya kira ni. Ɗan kuma ya san nasa fannin. Shi ya nuna mini samfurin haruffa mai suna Alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun Kano, da wani mai suna Harmattan. Da na farkon muka buga baitocin ajami, suka fito kamar a allo. Ya kuma hana ni yawo da aikin a Word, domin da zarar an buɗe shi a wata kwamfuta sai layin Larabci da ke tsakiyar Turanci ya juye, baka da waƙafi su koma inda ba nasu ba. Kowane babi da muka gama sai ya mayar da shi PDF.

Ɗaurin bango ma ba laifi. Ɗinki suke yi, ba gam kaɗai ba, kuma sun bar fili isasshe a gefen hagu, babu harafin da ɗaurin ya cinye.

To amma kada kowa ya je can yana kan ƙurewar lokaci. Alƙawarin Baba ba shi da agogo. Ya ce mini sati biyu, aikin ya ci kusan biyar. Wani ɓangare laifin wuta ne, domin ba su da janareta, in an ɗauke sai a rufe kwamfuta a koma hira. Wani ɓangaren kuwa shi ne ba ya iya cewa a'a: katin biki, takardar sadakar arba'in, kalandar makarantar Islamiyya, duk wanda ya shigo da gaggawa sai a ture nawa gefe. Sau uku ina hawa mota daga Nima, in sha cunkoson hanyar Legon, in tarar ba a taɓa komai ba tun zuwana na baya. Ranar ta uku raina ya ɓaci ƙwarai, domin kwana shida ya rage in miƙa kundin, kuma wanda ya wuce wa'adi sai ya nemi ƙarin lokaci, abin da ke jawo sabon kuɗin makaranta.

Na biyu, Turanci ba nasu ba ne. Jerin littattafan da ke ƙarshen kundi da bayanan ƙasan shafi, yadda ka kawo su haka za su fito, da kuskurensu da komai. A gadon bayan kwafi ɗaya ma sun tsallake harafi a sunan sashenmu, da ruwan zinare, inda ba a gogewa. Baba ya sake bangon bai karɓi ko pesewa ba, amma kwana biyu sun tafi. A rubuta musu abin da za a sa a bango da manyan baƙaƙe, a kuma tsaya a gani kafin a danna.

Kuɗin shafin Larabci ko ajami ya ninka na Turanci, kuma ban ga tsada ba idan na tuna mutum biyu ne ke zaune a kansa. Suna karɓar MoMo, wato biyan kuɗi ta waya. Rasit kuwa sai ka roƙa, a rubuta maka da hannu, wanda zai iya zama damuwa ga mai tallafin karatu da ake neman shaidar kashe kuɗi daga gare shi.

Wanda kundinsa Turanci ne zalla, shagunan kusa da jami'a sun fi sauri, ya tsaya can. Wanda ke da ayoyi, hadisai, ko waƙar malaman Zango, ya kai aikinsa Madina wata biyu kafin ranar miƙawa, babi babi, ba a dunƙule ba.

Bayan an kira ni Dakta na koma da kwafi ɗaya na ba Baba. Ya buɗe babi na huɗu, ya nemo baitin nan mai kalmar da ta ɓace, ya karanta shi har ƙarshe, sannan ya ce wa ɗansa ya sauko da littattafan da ke kan kanta ya yi masa wuri.