Mastas na bincike a labarin ƙasa ko kimiyyar muhalli: ina ɗan Bauchi da Gombe zai nufa?

Kafin ka cire kuɗin fom, fara sanin irin mastas ɗin da kake nema, domin iri biyu ne kuma sunayensu na rikita mutane. Akwai na bincike, wato MSc, ko M.Tech a jami'o'in fasaha: zango biyu a aji, sannan ka fita fili ka tattaro bayanai, ka rubuta kundi, ka kare shi gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Akwai kuma na ma'aikata, wanda galibi a ƙarshen mako ake yinsa. Wannan na biyun ba laifi ga mai neman ƙarin girma a ofis, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsa kai tsaye don digiri na uku. In kana da burin koyarwa, na farkon ne naka. Sharuɗɗan shiga kusan ɗaya ne ko'ina: digiri mai daraja ta biyu, takardar bautar ƙasa, da tiranskirif. Mai HND sai ya bi ta PGD, wato difloma ta gaba da digiri, tukuna.

Ni dai in aka ce in zaɓa, Jami'ar Bayero ta Kano zan nuna. Sashenta na labarin ƙasa ya daɗe yana nazarin ƙasa irin tamu, mai ƙarancin ruwan sama da yawan manoma. A nan Michael Mortimore ya koyar daga 1979 zuwa 1986, mutumin da ya shafe shekaru yana bibiyar yadda ƙauyukan arewa suka rayu da farin shekarun 1970, kuma wannan al'ada ta zama da manomi a tambaye shi ba ta ɓace ba. Sashen yana cikin tsangayar kimiyyar ƙasa da muhalli, saboda haka masu nazarin duwatsu da masu tsara birane maƙwabtanka ne. Ga kuma cibiyar CDA ta noman busassun yankuna, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya, da ɗakunan gwajinta. Amma babban abin da ya ja ni shi ne yawan manyan malamai. In wanda aka ba ka ya duba aikinka ya tafi hutun bincike ko aka ba shi muƙami, akwai wanda ya san fanninka da zai karɓe ka. Kuma daga Bauchi, ta Ningi da Birnin Kudu, tafiyar rabin yini ce: ka yi darasi a Kano, ka yi aikin fili a gida.

Gidan kuwa ba ya rasa abin bincike. Kwazazzaban cikin garin Gombe kaɗai sun ishi ɗalibai da yawa. Je ka tsaya a bakin ɗaya bayan damina, za ka ga buhunan yashi da mutanen unguwa suka jera, da katangar da rabinta ke rataye a sama. Hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat kyauta ne tun 2008, kuma tarihinsu ya koma har 1972. Na Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, sun fi su nuna ƙananan abubuwa, mita 10 maimakon 30. Da waɗannan da manhajar taswira ta QGIS, wadda ita ma kyauta ce, za ka iya auna faɗaɗar gari ko raguwar daji. Ga madatsar Dadin Kowa a kan kogin Gongola, ga ma'adinin kwal na Maiganga, ga simintin Ashaka, ga dajin Yankari, ga rijiyar man Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamba 2022. Shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, na dala miliyan 700, shi ma yana aiki a jihohin arewa 19 da Abuja.

Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), da aka kafa a 1980, ita ce ta biyu a wurina, musamman ga wanda ya fi karkata ga kula da muhalli, safiyo ko tsara birane, kuma yana zaune a Bauchi. Jami'ar Jihar Gombe, ta 2004, ta dace da ma'aikacin da ba zai iya barin ofis da iyali ba. Jami'o'in Kashere da Gadau duk 'yan 2011 ne. A fara tambaya ko kwas ɗin na nan kuma hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta amince da shi. ABU Zariya suna ne babba, amma kuɗin mota zai gaya maka nisanta. Maiduguri sai in tafkin Chadi kake son nazarta. Ingila kuwa, tun da aka saki naira a 2023, sai mai tallafin karatu irin na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur.

Duk wannan jerin bai kai muhimmancin mutum ɗaya ba: sufabaiza, wato malamin da zai duba aikinka. Na ɗanɗana wannan a wata jami'ar da ba zan ambata ba. Babina na uku ya yi watanni a kan tebur ƙarƙashin tarin fayil, kullum in je in tarar da ƙofa a kulle, masinja ya ce "Oga ya tafi mitin." Ranar da aka dawo min da shi, gyaran waƙafi ne kawai a shafin farko. Don haka kada ka tambayi shugaban sashe, tambayi ɗaliban da ke zaune a benci a baranda. Malam wane ɗalibai nawa ne a hannunsa? Nawa suka kare kundi bara? Yana ɗaga waya? Ya taɓa bin ɗalibi fili? Sa sunansa a Google Scholar ka ga abin da ya wallafa kwanan nan. A takarda watanni 18 zuwa 24 ne karatun, amma yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. In ka haɗa wannan da malamin da ba ya karanta aikinka, ka shiga uku.

To, sai maganar 'yan damfara, kuma a nan nake so a saurare ni da kyau. Na farko, masu tallar mastas na waje a WhatsApp, wai ba zuwa aji, wata shida an gama. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo. Araha ba ta ado. Na biyu, cibiyoyin da ke saman shaguna suna cewa reshen wata jami'a ne. NUC na fitar da jerin jami'o'in bogi. Duba shafinta, sannan ka kira makarantar da suka ce suna wakilta. Kada ka tura kuɗin fom ko na rajista asusun wani mutum, ko da ya ce shi ma'aikacin jami'ar ne kuma zai "saka maka suna." Jami'o'in tarayya ta Remita ake biyansu.

Na uku sun fi kowa haɗari, domin kusa da kai suke: masu rubuta kundi a shagunan buga takardu na bakin get. Za su nuna maka aiki tsaf, da taswira mai launi. Na ga irinsa da idona: an canza sunan ƙaramar hukuma a kowane shafi, amma jadawalin ruwan sama na wani gari ne daban, kogin da ke kan taswirar ma ba ya bi ta yankin. Malamin da aka gayyato ba sai ya karanta duka ba. Tambaya ɗaya zai yi: wace shekara aka ɗauki hoton nan, kuma yaya ka tabbatar wannan jan launin gona ce ba fili ba? Manhajar Turnitin na kama satar rubutu, kuma jami'a na da ikon janye digiri ko bayan shekaru. Haka mujallun da ke turo saƙo suna alkawarin buga maƙalarka cikin mako ɗaya in ka biya dala. Nemi sunan mujallar a Scopus, jerin mujallun da aka tantance, ko ka nuna wa sufabaiza kafin ka biya ko kwabo.

In za ka ba wani ya taya ka lissafin alƙaluma, zauna kusa da shi har ka iya maimaitawa da kanka. Ka adana littafin filinka, lambobin GPS, hotuna masu kwanan wata, da takardun tambayoyin da mutane suka cike, a kwali ɗaya, ka kuma ajiye kwafi a imel. Ranar kare kundi ana iya cewa ka kawo su.