Hattara da mai tallar kayan fentin birki a intanet: kananzir ya ɗura min a kwalba

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan, don wanda aka yi wa sakiyar da ba ruwa ba ya son tallar kansa. Amma shekaranjiya na ga mutumin ya sake buɗe shafi da sabon suna, yana yawo da bidiyon nan dai da ya ja ni, sai na ga shirun nawa zai iya jawo wa wani asarar da ta fi ta kuɗi.

Motata Camry ce ƙirar 2009. Da na sauya mata rim zuwa mai faffaɗan tsakani, sai kalifa ta fito fili, wato ƙarfen nan da ke rungume da farantin birki yana matse takalman birki a jikinsa. Duk ta yi tsatsa, ta ɓata kwalliyar. Kowa ya san yayin da ake yi yanzu, jar kalifa tana leƙowa ta cikin rim. Asalin abin daga motocin tsere ne da irin su Porsche, inda launin ma yana da ma'ana: ja daban, rawaya kuma alamar birkin seramik ce. Kamfanin Brembo na Italiya mai ƙera birki, wanda aka kafa a 1961, shi ya fi shahara da jar. Mu kuwa ado kawai muke nema, ba kuma laifi ba ne. Ana yin fentin a gida lafiya lau idan kayan na gaskiya ne.

A Instagram na ci karo da tallar. Bidiyo ne na minti ɗaya: hannu na fesa fenti ta tsakanin rim ba tare da an kwance taya ba, sai a nuno kalifa tana ƙyalli. Wai cikakken saiti ne daga Jamus, gwangwanin fenti biyu, kwalbar ruwan wanke birki, sitika, da murafu huɗu na rufe kalifa masu rubutun Brembo. Da muka koma WhatsApp sai zaƙin baki ya tashi: "Alhajina, saiti uku suka rage, kai dai tura wani abu, sauran in kaya ya iso." Na tura Naira 20,000 zuwa wani asusu mai suna daban da na shafin. Ya ce na ƙaninsa ne. Nan ya kamata in farga, amma kwaɗayi ya rufe min ido. Bayan kwana huɗu kwali ya iso tasha, na cika masa 18,000.

Abin da ya sa damfarar nan ke ci shi ne kaya yana zuwa. Ba irin masu karɓar kuɗi su yi layar zana ba ne. Za ka ga kwali, ka ga gwangwani da takarda mai sheƙi an rubuta yana jure zafi har digiri 1,000, hankalinka ya kwanta.

Ranar Asabar na bi yadda bidiyon ya nuna. Na tsiyaya ruwan wankin a kan kalifa ta tsakanin rim, ya gangara kan faranti da takalma. Na ji yana warin kananzir, na yi wa mai tallar magana, ya ce ai haka sinadarin yake. Na fesa fenti, na liƙa murafun da gam ɗin da ya haɗo min. A hoto dai ba a magana, har abokai suka yi ta tambayar lambarsa. Allah Ya taimake ni ban ba kowa ba.

Tun fitar farko na ji birkin ya sauya. Sai na taka sosai kafin ta tsaya, ga wani ƙugi da take yi. Na ce wataƙila fenti ne bai gama bushewa ba. Wajen kwana na goma, ina dawowa daga Zariya da iyali a ciki, wani mai Adaidaita ya shigo gabana a Kwanar Dawaki, na danna birki, mota ta fizge zuwa dama kamar an ja ta da igiya. Da ƙyar na sha. Da na sauka gefen titi, warin ƙonannen roba ya cika wurin, tayar gaba ta dama ba ta taɓuwa don zafi.

Makanikena dattijo ne, ya fi shekara talatin yana sana'ar. Da ya kwance tayar, murfin jan nan ya narke ta gefe ya lanƙwashe, yana gogar cikin rim. Roba ce zalla aka yi wa fenti. Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya zuba wa birkin nan mai?" Na miƙa masa ragowar kwalbar. Ya ɗiga a kan takarda ya ajiye a inuwa, sannan ya ɗauko nasa gwangwanin na wanke birki ya fesa a wata takardar. Tasa ta bushe nan take ba ko tabo. Tawa har muka gama aiki tana nan da maiƙo. "Kananzir ne," in ji shi, "an ɗan sirka da tina don ya yi ƙarfin wari."

Shi ya warware min yadda ɓarnar ta faru. Takalmin birki yana shan mai kamar yadda soso ke shan ruwa, kuma da zarar ya sha, wanki ba ya raba shi da shi, sai dai a jefar. Shi ya sa motar ba ta kamawa. Robobin da ke cikin kalifa kuma, da wanda ke rufe fistan da waɗanda ke kan sandunan da kalifar ke zamewa a kai, an yi su ne don su zauna da man birki irin DOT 3 da DOT 4. Man fetur da danginsa irin su kananzir kumbura su suke yi. Na gefen dama sun kumbura sun riƙe kalifar, takalmi ya ci gaba da gogar faranti ko ban taka birki ba. Zafin nan ne ya narka murfin. Ya ce da tafiyar ta fi haka nisa, man birkin kansa zai iya tafasa, domin sabon DOT 3 wajen digiri 205 yake tafasa, wanda ya tsufa ya sha danshi kuwa ƙasa da haka sosai. In ya tafasa, ƙafarka za ta kai ƙasa ba abin da zai riƙe. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Fentin ma haka. Yaron garejin ya sa farce ya ɓare takardar jikin gwangwanin, sai ga ainihin tambarin a ƙasa: fentin feshi ne na yau da kullum, irin wanda ake yi wa keke da ƙofar ƙarfe. A kalifar da ta yi zafi ya koma baƙi-baƙi yana ɓarewa kamar ɓawon albasa. Fentin kalifa na gaskiya yana nan. Akwai na feshi irin na VHT da aka rubuta yana jure digiri 482, akwai kuma na buroshi irin na Foliatec da G2 da ake haɗa ruwa biyu kafin a shafa. Babu ko ɗaya da ya ce ka fesa ta cikin rim. Sai an ɗaga mota an tokare ta da kyau, ba a kan jak kaɗai ba, a cire taya, a kankare tsatsa da buroshin waya, a wanke da abin da ke bushewa ƙarƙaf. Sannan a rufe faranti da takalma da robobi da tiyo da ɗan nonon fitar da iska, a shafa sama-sama sau biyu ko uku, a bar shi ya kwana. In an sauke kalifar daga mazauninta, a rataye ta da waya, kada nauyinta ya hau kan tiyo. Kuma kada a yi ranar da hunturu ke tada ƙura, sai fentin ya fito kamar samfefa.

Murafun nan kuwa, ko kyauta aka ba ka ka bar su. Kalifar Camry ta gaba mai fistan ɗaya ce, liƙa mata roba ba zai mayar da ita Brembo ba, sai dai ya toshe mata iskar da take hucewa da ita.

Gyaran ya ci takalman gaba da na baya, robobin kalifa, farantin da ya ƙone, da sabon man birki. Ya ninka abin da na ba mutumin.

Da na tura masa hotuna, bai musa ba. Ya ba da haƙuri, ya ce yaransa ne suka yi kuskure wajen haɗa kaya, zai mayar min da kuɗi. Can da yamma wata ta kira wai daga sashen mayar da kuɗi, tana neman lambar katina da lambobi ukun da ke bayansa, da lambar sirrin da za a turo min a waya. Na ce ai lambar asusu ta isa a tura wa mutum kuɗi. Ta kashe wayar. Kafin magariba an toshe ni ko'ina. Na kai ƙorafi bankina da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, da rasit da hotunan hirarmu.

Sunan shafin yana sauyawa, don haka ba shi da amfani in faɗa. Abin da bai sauya ba shi ne bidiyon feshi ta cikin rim, kwalbar ruwan wanki marar tambari, murafu huɗu masu rubutun Brembo, da asusun banki mai sunan wani. Wanda ya riga ya saya bai yi amfani da shi ba, ya ɗiga ruwan a kan farar takarda ya jira minti biyar. Wanda ya riga ya zuba kuwa, kada ya hau babban titi sai makanike ya kwance tayoyin huɗu ya duba.