Hoton sama ko bakin manomi: wa ya fi sanin fadamar Rima?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya. Ka ce in gwamnati za ta tsara inda za a yi noma da inda za a bar wa bisashe da inda za a dasa itace a jihar ga ta Sakkwato, da wanne ya kamata ta yi aiki, lissafin kwamfuta da hoton tauraron ɗan adam, ko kuwa a tafi a zauna da manoma da ardo a ji ta bakinsu. Na yi aiki da su duka biyu, kuma cikin noman fadama munka tashi, to bari in aza ma su kusa da juna.

Wajen hangen nesa kwamfuta ba ta da na biyu. Taurarin ɗan adam na Landsat na ɗaukar hoton ƙasa tun 1972, Sentinel-2 ta Turai ta fara 2015 kuma yanzu kusan duk kwana 5 sai ta sake bi ta kan wuri guda, kowane ɗigo na hoton mita 10 ne a ƙasa. Kana zaune cikin Sakkwato za ka ga yadda rairayi ke matso gonaki wajen Gada da Illela da Tangaza, ka ga tafkin da ya ƙafe da shekarar da ya fara ja baya. Dattijo ya san garinsu ciki da bai, amma saninsa bai wuce inda ƙafarsa ta taka ba.

Abu na biyu da take iyawa shi ne amsa "idan". Akwai manhajoji irin DSSAT da APSIM, ka ba su irin ƙasa da ruwan sama da zafi da irin da za a shuka da ranar shuka, su lissafo ma abin da gona za ta bayar. Mu da ruwanmu bai fi milimita 600 zuwa 700 ba, daga Yuni zuwa Satumba, idan damina ta makara da sati biyu fa, gero za a bi ko a ƙara wake? Manomi sau ɗaya yake gwaji a shekara kuma in bai dace ba rumbu ne zai zauna wayam, ita ko kwamfuta kafin la'asar ta gwada damina 30. Haka zancen dam ɗin Goronyo mai ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900. Duk wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya cinye garuruwa ya yanke gadar hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san lissafin ruwan da ke gangarowa daga kogunan Bunsuru da Gagere da Gulbin Maraɗi ba aikin ido ba ne.

To amma ga inda take tuntuɓe, kuma nan ne abin ke ci min rai. Fili ɗaya a ƙasar ga masu shi da yawa ne, kowa da watansa. Da damina na manomi ne, bayan girbi Bafulatani ya shigo shanu su ci kara su bar taki, in fadama ce masunci na da nasa lokacin da ruwa ya cika, ruwa na janyewa mai albasa da tafarnuwa ya shiga, ga mata masu itace da ganyen miya. Hoto kuwa suna ɗaya yake ba wuri. Na taɓa riƙe taswira da anka rubuta wa wani tsiri "fili babu kowa", munka isa wurin ashe burtali ne, tun kakanni ta nan ake kai shanu mashaya. Da an dasa itace an kewaye da waya, an dasa rigima ke nan. Ga gonarmu ta gero da wake da dawa a cakuɗe, wadda manhajar ta fi ganewa in iri ɗaya ne. Ga gawo da ke zubar da ganye da damina, hoton Agusta ba zai nuna ma amfaninsa ba, amma kowane manomi ya san hatsin ƙarƙashinsa ya fi kyau.

Dam ɗin Bakolori, kusa da Talata Mafara, ya isa misali. An gama dam ɗin 1978, lokacin Talata Mafara na cikin jihar Sakkwato. An lissafa kadadar da za a ba ruwa, ba a lissafa fadamun da ke ƙasa da dam masu jiran ambaliya duk shekara ba, shinkafarsu ta ragu, kifi ya ragu, sannan a 1980 manoma sunka tashi kan diyyar gonakinsu har anka yi asarar rayuka. Abin da ba a saka cikin lissafi ba, lissafi sifiri yake ɗaukarsa, ko a takarda ko a kwamfuta.

Ni dai ra'ayina, wajen sakin ruwan dam da hasashen damina da zaɓen iri, kwamfuta ta shige gaba. Wajen iyaka da burtali da hurumi da wa ke da hakki a wane wata, mutane ne gaba, kuma masu aikin ACReSAL, shirin gwamnati na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da na shirin babbar ganuwar itatuwa ya kamata su riƙe wannan.

In aikin makaranta kake yi, buga hoton ƙauyen da girma ka kai ƙofar hakimi, a kira sarkin noma da ardo da sarkin ruwa, ka ba su alƙalami su zana inda jigawa take da laka da fako, da hanyar shanu, da inda ruwa ya tsaya a 2010. Mata ka sa 'yar'uwa ta zauna da su daban cikin gida, don a ƙofar hakimi ba za su yi magana ba. Ka je sau biyu, da damina da kuma cikin Maris, kafin ka shigar da komai cikin kwamfuta.