Hattara da masu tallar ekinasiya da sunan maganin garkuwar jiki

Jama'a, akwai wata talla da ke yawo a Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp wadda ya kamata mu ja kunnen juna a kanta. Za ka ga mutum sanye da farar rigar likita, riƙe da kwalba mai hoton fure ruwan shunayya, a jikinta an rubuta Echinacea, wato ekinasiya. Zai ce maka wannan ganye yana ɗaga garkuwar jiki, wanda ya dimanci shansa ya yi bankwana da mura, da ciwon hanta, da ciwon daji. Wasu ma bakinsu bai tsaya nan ba, sai su ce mai ɗauke da cutar ƙanjamau zai iya ajiye maganin asibiti. A ƙasan bidiyon kuma ga shaidu birjik, kowa na rantsuwa ya warke, amma ba wanda za ka iya gano ko wane ne shi.

Tsiron dai na gaskiya ne, a Arewacin Amurka yake fitowa. Mutanen asali na filayen tsakiyar Amurka sun daɗe suna amfani da saiwarsa don ciwon haƙori, ciwon maƙogwaro da saran maciji. Zuzuta shi fiye da kima ma ba yau aka fara ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani mai suna H.C.F. Meyer a jihar Nebraska yake sayar da shi a kwalba da sunan mai tace jini, yana jero cututtukan da wai yake warkarwa. Masu tallar yau sawunsa suka bi, sai dai su waya ce kasuwarsu.

To me bincike ya gano? A 2005 an buga wani gwaji a mujallar likitoci ta New England, inda aka ɗiga wa ɗaruruwan masu sa kai ƙwayar cutar mura a hanci da gangan, aka bai wa wasu ekinasiya, wasu kuma maganin da ba komai a cikinsa. Bai hana su kamuwa ba, bai kuma rage musu tsananin murar ba. A 2014 cibiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitoci tana tantancewa, ta tattara gwaje-gwaje 24 da suka haɗa mutum sama da 4,600. Ba ta samu hujjar cewa yana warkar da mura ba. Abin da ta hango shi ne wataƙila yana ɗan rage yiwuwar kamuwa da ita, ɗan kaɗan. Iyakar abin ke nan, mura ce kawai, ita ma da ƙyar. Hukumar magunguna ta Turai da ta yarda a sha ruwan da aka matse daga ɗanyen ganyen don mura, ta ce kada a wuce kwana 10. Saboda haka duk wanda ya ce ka sayi na wata shida ka riƙa sha safe da yamma, aljihunka yake hange.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, sau da yawa ko ganyen ma babu a cikin kwalbar. A 2003 masu bincike sun sayo iri 59 na kayan ekinasiya a shagunan birnin Denver na Amurka suka auna. Guda 6 babu ko ɓurɓushinsa a ciki, kuma kusan rabi ne kawai abin da ke ciki ya yi daidai da nau'in da aka rubuta a jiki. Wannan fa a shaguna ne masu adireshi, waɗanda za a iya kai su ƙara. Ina ga wanda lambar waya kawai ka sani, gobe ya canza ta? Kafso kafso ne, ido ba ya bambance garin saiwa da garin banza. An kuma sha kama saiwar wani tsiro daban mai suna Parthenium integrifolium ana sayar da ita a madadinsa.

Ku lura da tambarin da suke mannawa wai FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da maganin. Ƙarya ce. A ƙarƙashin dokar Amurka ta 1994, FDA ba ta tantance irin waɗannan kayan ƙarin lafiya kafin su shiga kasuwa, kuma dokar ta hana mai su cewa suna warkar da wata cuta. Shi ya sa za ka ga kamfanonin da ke bin doka sun rubuta da ƙananan haruffa cewa kayan ba don magance cuta aka yi su ba. Juya kwalbar ka karanta bayanta, ka gwada da abin da mai tallar ke faɗa da baki.

Hanyoyin tatsar kuɗin kuwa iri-iri ne. Akwai masu cewa kwalbar farko kyauta ce, kuɗin aikowa kawai za ka biya. Banza ba ta kai zomo kasuwa: da zarar ka shigar da lambar katin bankinka, ka sa hannu a yarjejeniyar da ba ka karanta ba, duk wata sai a zare kuɗi, lambar da aka ba ka ta koke kuma ba mai ɗauka. Akwai masu gayyatar mutane gwajin lafiya kyauta. Za a ba ka wani ɗan ƙarfe ka riƙe a tafin hannu, an jona shi da kwamfuta, cikin minti ɗaya allo ya cika da jajayen layuka, mai gwajin ya girgiza kai ya ce garkuwarka ta yi ƙasa sosai. Babu na'urar da ke auna garkuwar jiki ta tafin hannu. Abin da likita zai iya dubawa, da gwajin jini ake duba shi. Sai kuma masu cewa ka zama wakili, ka sayi kwali, ka kawo mutum uku su ma su saya. Ƙarshenta kai ne za ka zauna da kwalaye a ɗaki, kana jin nauyin 'yan uwan da ka jawo.

Kada kuma a ce ai ganye ne, ba ya cutarwa. Yana jawo ƙuraje da borin jini, wani lokaci har kumburin fuska da sarƙewar numfashi, musamman ga masu asma da waɗanda jikinsu ba ya jituwa da furannin danginsa. A 2012 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ce kada a bai wa yaran da ba su kai shekara 12 ba saboda wannan. Wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin danne garkuwa, da mai cutar da garkuwarsa ke yaƙar jikinsa, su ne aka fi gargaɗa su nisance shi, kuma abin takaici su ne 'yan damfarar suka fi farauta, don sun san mai jinya ba ya ƙin jin an ce ga sauƙi.

Idan ka riga ka ba da lambar katinka, ka tuntuɓi bankinka yau a toshe shi, ka ajiye hotunan tallar da na hirarku, ka kai rahoto ga hukumar kula da magunguna ta ƙasarka. Idan kuwa kai ko wani naka ya ajiye maganin ƙanjamau, na hanta ko na daji saboda wannan kwalba, don Allah a koma asibiti ba tare da jinkiri ba, a tafi da kwalbar a nuna wa likita, a faɗa masa ranar da aka daina shan maganin.