Gargaɗi kan mai gyaran fuska da "allurar Sin": ta karɓi naira 185,000 ta bar ni da ciwo

Kwana 9 ke nan ina rubuta wannan saƙo ina gogewa saboda kunya, amma jiya da na ga matar nan ta buɗe sabon shafi a Instagram da wani suna dabam, tana tallata aikin da ta yi mini, na gane cewa shiruna zai cutar da wata. Naira 185,000 na ba ta, kuɗin adashina na shekara guda, kuma duk shaidar tura kuɗin tana cikin wayata.

Ni ba yarinya ba ce, kuma ba na sayen abu don kawai na ga hotonsa. Tabon ƙuraje ne ya daɗe a kumatuna, kuma kafin na taka ƙofarta sai da na yi karatu a kan abin. Na san cewa likitocin fata suna huda saman fata da ƙananan allurai, jiki kuma ya shiga cike ramukan da sabon kolajin, wato sinadarin da ke ba fata ƙarfi, har tabon ya ragu a hankali. Na kuma san cewa a likitancin gargajiya na ƙasar Sin akwai wata 'yar guduma mai allurai 7 a kanta, wadda suke kira allurar taurari bakwai, ana bubbuga fata da ita sannu sannu. To, wannan gudumar ce ta ciro daga akwati ta ɗora a tafin hannuna. Ta kama wuyan hannuna da yatsu uku tana jin bugun jini, ta ce na fito da harshena ta duba, sannan ta ce, "Hajiyata, ni ba fuska kaɗai nake gyarawa ba, daga ciki nake farawa, jininki ne ba ya gudana yadda ya kamata." Duk abin da ta yi a wannan lokacin ya dace da abin da na karanta, har jin bugun jinin da duba harshen. Wace ce za ta ga haka ta ce ƙarya ne? Har yau ina jin sanyin ƙarfen nan a hannuna, kuma a nan take na tura mata naira 60,000.

A'a, kafin wannan ma ta nuna mini takarda a bango mai rubutun Sinanci da jan hatimi, ta ce shaidar karatun shekara biyu ce a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Na ɗauki hoton takardar a ranar, ba don zargi ba, don in nuna wa ƙanwata. Bayan komai ya lalace ne ɗan maƙwabcinmu da ya yi karatu a Sin ya karanta mini ita: takardar halartar baje kolin kayan kwalliya ce.

Gudumar kuwa ba ta taɓa fuskata ba ko sau ɗaya. Abin da ta yi mini aiki da shi wata 'yar rola ce ta roba mai allurai, wadda ta tsamo daga cikin roba mai sifirit, alhali wata mata ta fito daga ɗakin gabana da jajayen kumatu. Na tambaye ta, wallahi na tambaye ta, ko sabuwa ce. Ta ce ruwan ganyen da take haɗawa yana kashe kowace ƙwayar cuta. Ta gara ta a kan ƙurajen da ko warkewa ba su yi ba, sannan ta shafa mini wani ruwa daga kwalba marar suna, babu lambar NAFDAC, ta ce garin lu'ulu'u ne da saiwoyi. Kwalbar da zama na biyu naira 75,000. Da fuskata ta kumbura ta fara ruwa, sai ta ce dattin ciki ne yake fita, kada na tsaya a rabin hanya, na ƙara 50,000. Naira 60,000, da 75,000, da 50,000. Ta ce rolar tana da tarihin shekara dubu uku, alhali sai a shekarun 1990 aka fara amfani da irinta, kuma likitan Afirka ta Kudu Desmond Fernandes yana cikin waɗanda suka fara. Sunan Sin kawai ta ara ta lulluɓe hajarta da shi.

Likitar fata da na gani daga baya ta bayyana mini cewa ba a yin wannan aiki a kan ƙuraje masu rai, cewa baƙar fata tana ƙara duhu a duk inda ta ƙone ko ta kumbura, kuma kan allurar na mutum ɗaya ne. Ta tura ni gwajin ciwon hanta da na ƙanjamau, za a kuma maimaita bayan wata 3. A daren ne na karanta cewa a 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta ba da rahoton wasu mata da suka kamu da ƙanjamau a wani wurin gyaran fuska marar lasisi a jihar New Mexico, kuma ban runtsa ba har asuba.

Gobe in Allah ya kai mu zan saka hotunan hirarmu, da shaidar kuɗin, da hoton takardar bangon. Kada ku bari a taɓa muku fuska da allurar da ba a gabanku aka ɓare ta ba, kuma ku je wurin likitan fata. Mai gyaran fuskar ta toshe lambata tun ranar da na aika mata hoton kumatuna, maigidana bai san adadin kuɗin ba har yanzu, kuma da niƙabi nake zuwa wurin aiki. Saura kwana 71 a maimaita gwajin.